Daminar da Rifkatu Ta Amsa Sunan Zuwaira

Kwana huɗu ke nan ana ruwa a Keffi ba ɗaukewa. Jiya da safe na fito zan buɗe sito, sai na ga mata biyar ko shida sun fake a rumfar mai faci a bakin titi, kowacce da littafi a cikin leda, suna jiran mota. Na tambayi mai facin, ya ce malaman ƙananan yara ne, ana yi musu kwas a wannan dogon hutun. Ɗaya a cikinsu tana nuna wa 'yar'uwarta sunanta a waya, wai tun kafin su je an turo musu. Na tsaya ina kallonsu har hulata ta jiƙe. Wata damina ce ta dawo mini, shekara goma sha wani abu da suka wuce, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Ni dillalin hatsi ne. Ban yi boko ba. Da dako na fara, daga nan na koma awo, har Allah ya kai ni ga loda mota: masara, dawa, riɗi, waken suya, duk abin da ƙauye ya fitar. Na san buhu, na san mutum, ko kuwa in ce a lokacin ina ganin na san mutum.

Abokina Malam Ɗanjuma tsohon malamin firamare ne, tare muka taso tun muna samari. Da ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe 'yar makaranta a unguwarmu, Tudun Ƙofa. Ɗakin da ake zuba ƙanana, 'yan shekara uku zuwa biyar, tsohon sitona ne, ni na ba shi aro na sa aka fasa taga biyu aka haɗa benci. Mai riƙe da wannan aji ita ce Malama Rifkatu, 'yar ƙabilar Eggon, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da gona a bayan gari. Shekara bakwai tana ajin. Ita ke share majina, ita ke wanke wanda ya ɓata wando, ita ke goya wanda ya ƙi yin shiru. Autata Ummi tana wurinta, shekararta huɗu, yarinya ce da ba ta magana sai an matsa mata.

Ana gab da hutu masu duba makarantu suka zo. Suka ce daga sabon zango duk ajin ƙanana sai yana da malamar da ta yi horo tana da takarda, in babu za su rufe ajin. Suka ce akwai kwas na sati shida a garin Nasarawa cikin hutun, kowace makaranta gurbi ɗaya. Babu wanda ya yi gardamar wa za a tura. Ajin na Rifkatu ne, in ba ta samu takardar ba ta rasa shi.

Bayan kwana biyu Malam ya same ni a sito da fom a hannu. Ya ce akwai 'yar matsala. Fom ɗin yana neman takardar gama sakandare, Rifkatu kuwa a aji huɗu ta tsaya aka yi mata aure, ga shi jibi za a rufe karɓa. Ya ce dabarar da ya gani ita ce a kama gurbin da takardun 'yarsa Zuwaira, wadda ta gama sakandare tana zaune a gida. Rifkatu ta je ta yi karatun, daga baya shi zai rubuta wasiƙa a matsayinsa na hedimasta a mayar da sunan.

Ban ga aibun maganar ba, kuma na san abin da ya sa. Haka muke yi a kasuwa kullum. In na sayi masara a ƙauye ba na nan, direba ne ke sa shaidarsa a jikin buhun da gawayi. Buhu ya iso Keffi da shaidar direba, amma daga mai dako har mai awo kowa ya san kayana ne, ni Alhaji Sale, kuma ban taɓa jin direban da ya ce nasa ne ba. Sai na ɗauka takarda ma haka take: shaida daban, mai kaya daban, jama'a sun sani.

Rifkatu ce ta yi turus da muka gaya mata. Ta dubi Malam, ta dube ni.

"Alhaji, in an kira Zuwaira ni zan ce na'am?"

"Ke za ki ce. Suna ne kawai, za a gyara. Ni na tsaya miki."

Ta ce to. Sai ta kawo ainihin abin da ke damunta, wato gona. Ruwa ya makara a shekarar, shuka duk ta ja baya, ga ciyawa ta taso wa doya, ga lokacin shukar riɗi ya kama, kuma riɗi ba ya jira. In ta yi sati shida ba ta nan, ita da 'ya'yanta sai su ci me? Na ce wannan kuma nawa ne. Na bi iyayen yaran ajin gida gida, muka yanke za mu yi mata gayya, 'ya'yanta kuma su zauna a gidana wurin matata Hajiya.

Ranar da ta tafi aka tashi da azumi, kuma kamar ruwan da ya makara jira yake. Ya sauko bai sake ɗagawa ba. Sama ta yi baƙi sati guda ba mu ga rana ba. Hanyoyin ƙauye suka zama kunu, motata ta maƙale da kaya kwana tara a wani kwari, da aka fito da ita rabin masarar ta yi fumfuna. Tsohon hatsi ya ƙare a gari, sabo bai nuna ba. Abin da ya rage a sitona ƙwari sun huda shi, in ka damƙa sai gari ya bi yatsunka. Ni mai sayar wa gari hatsi, a watan nan da idona nake duba abin da za a kai niƙa a gidana. Wake ya yi wuyar da muka yi kwana goma ba a soya ƙosai ba. Kunun tsamiya da ɗan dafaffen rogo muke buɗa baki da su.

Ga yadda ranakun ke tafiya. Hajiya ta tashi ɗumamen sahur da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika gida, kowa na hawaye yana cin tuwon jiya. Mu yi asuba, mu saɓi garma mu nufi gonar Rifkatu tun gari bai gama wayewa ba, laka har ƙwauri. Wata rana mu kai goma, wata rana mu huɗu. Ƙishirwar azumin damina daban take. Ruwa a kanka, ruwa a ƙafarka, ruwa na gangarowa ta gemunka, maƙogwaro kuwa a bushe ƙamas. In hadari ya ɗan buɗe sai wani zafi mai tururi ya taso daga ƙasa, riga ta manne a baya, jiri ya riƙa ɗibar mutum a ƙarshen kowace kunya. Na yi shekara ashirin ban riƙe garma ba, hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi.

Akwai Bulus mai walda a cikinmu, ɗansa na ajin. Shi ba ya azumi, amma bai taɓa kurɓar ruwa a gabanmu ba, sai ya zaga bayan bishiyar ɗorawa. Bakinsa ne dai ba ya azumi ko kaɗan. Ya dubi kunyar da na ja ya ce, "Alhaji, wannan kunyar taka ai macijin da ya sha burkutu ne." Na ce masa in an zo awon riɗin zai ga wanda hannunsa ya miƙe. Malam Ɗanjuma sau biyu ya zo, ya tsaya a bakin gona da lema, ya ce bayansa na ciwo. Ba mu riƙe shi da komai ba.

Hantsi ya yi mu dawo, kowa ya kama sana'arsa da sauran ƙarfin da ya rage. A gida kuma Hajiya na ɗora tukunyar rana saboda 'ya'yan Rifkatu, tunda su ba sa azumi. Tana azumi ba ta iya ɗanɗana gishiri, sai ta kira babbar ta miƙa mata ludayi. Yarinyar nan har ta saba, ta riƙa cewa, "Mama, ƙara kaɗan," kamar wata uwar gida.

Duk Asabar da yamma Rifkatu ke dawowa, zani jiƙe, littafi a cikin leda a ƙirji. Ta rame, don a can ma abinci sau ɗaya take ci, a ɗakin wata 'yar cocinsu take kwana a tabarma. Amma bakinta ba ya rufuwa. Ta ba mu labarin yadda 'yan kwas ke tsokanarta, wai ba su taɓa ganin Zuwaira da gicciye a wuya ba, tana faɗa tana dariya. Sannan ta shiga abin da aka koya musu. Wai ɗan shekara uku ba a dasa shi a benci tun safe har azahar, jikinsa ba zai iya ba, ba taurin kai ba ne. Wai kafin a ba yaro fensir a bar shi ya yi zane a yashi da yatsa. Wai a fara masa da harshen da yake ji, Turanci ya biyo baya. Wai yaron da ba ya amsa kira a duba kunnensa kafin a ɗauki bulala. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne shekara bakwai tana dukan yara a kan abin da ba laifinsu ba ne, ba don mugunta ba, don haka aka yi mata ita ma, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata wata hanyar.

Wata Asabar ta zube marafan kwalba a tsakar gidana, ta tara Ummi da yaran maƙwabta, ta ce su ware ja daban, kore daban, su ƙirga. Ina kishingiɗe ina jiran a kira magariba, na ce, "Malama, yanzu duk wahalar nan da muke sha wasa kike koyowa?"

"Alhaji, kai aikinka buhu, su aikinsu wasa. Ka bari ka gani."

Na gani kuwa. Ummi, wadda sai an yi da gaske take buɗe baki, ta tsaya tana yi wa wata yarinya gardama cewa nata bakwai ne ba shida ba, ta jera su ta ƙirga da ƙarfi har bakwai. Hajiya ta leƙo daga madafa da muciya a hannu, ta koma.

Aka yi Sallah cikin ruwa, aka gama kwas bayanta da kwanaki. Riɗi ya fito sharaf, doya ta tsira. Na tambayi Malam maganar wasiƙa, ya ce ya rubuta. Bayan sati na sake tambaya, ya ce mai sa hannun ya yi tafiya. Na uku ya ce in kwantar da hankalina, aikin ofis ba kamar na kasuwa ba ne. A nan jikina ya fara ba ni. Mutumin da ya riƙa ba ka amsa daban daban a kan kaya ɗaya, kayan ba sa inda ya ce.

Saura kwana biyar a koma makaranta na ɗauki Rifkatu a mota muka tafi Nasarawa da kanmu. Muka sami wani ma'aikaci mai furfura a ofishin da aka yi rajista. Ya buɗe littafi, ya bi da yatsa, ya ce takardar makarantarmu ai an karɓa tun sati biyu da suka wuce, hedimasta ne ya zo da kansa ya sa hannu. Na tambayi wasiƙar canjin suna. Ya ce babu wata wasiƙa. Ya juyo da littafin ya nuna mana: sunan Zuwaira, hoton Zuwaira, a gabansa kuma alamar halarta tun ranar farko har ta ƙarshe, babu fashi ko ɗaya.

Na zayyana masa komai, ban ɓoye ba. Ya cire tabarau ya dube ni kamar yana jin tausayina. Ya ce da ma ba a buƙatar takardar sakandare ga malamar da ta shekara biyar tana koyarwa, wasiƙar shaida daga hedimasta ta isa, kuma an rubuta haka a bayan fom ɗin, an kuma faɗa wa shugabannin makarantu baki da baki. Ya ce yanzu in muka tayar da maganar, za a soke takardar gaba ɗaya, a tuhumi wadda ta zauna da sunan wata, makarantar ma ba za ta tsira ba. Ya ce shi bai ji komai ba, mu sauka lafiya.

Fom ɗin nan, ranar da Malam ya kawo shi, a sitona ya kwana. Na riƙe shi da hannuna, na juya shi, ban iya karanta abin da ke bayansa ba, kuma ban kai wa kowa ya karanta mini ba, don abokina ne ya kawo. Muka kamo hanyar Keffi daga Nasarawa, Rifkatu a gefena. Tana kallon gonaki ta taga.

Na sauke ta na wuce gidan Malam. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Bai musa ba, bai ma sunkuyar da kai ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Ya ce in zauna mu yi maganar manya. Ya ce Zuwaira shekara uku tana zaune ba aiki, duk inda ta je sai a ce ina takarda, shi kuma ƙarfinsa ya ƙare.

"Ilimin ai Rifkatu ta samu, Alhaji, yana kanta, wa zai ƙwace? Takarda ce kawai. Zuwaira 'yata ce. In kai ne fa?"

"In ni ne da na faɗa tun farko. Mutum goma ka sa suka yi noma da azumi a baki."

"Ladansu na wurin Allah."

Sai ya kawo shawararsa. Sunan Zuwaira zai shiga rajista a matsayin malamar aji. Rifkatu ta ci gaba da koyarwa yadda ta saba, ba abin da za a rage mata, a takarda ne kawai za a rubuta ta mai raino da shara. Ranar da masu duba makarantu za su zo, ta ɗauki tsintsiya ta koma baranda, Zuwaira ta tsaya a gaban allo. Ya ce kowa ya samu, aji bai rufe ba.

Na ce zan karɓe ɗakina. Ya ce ɗakina ne, amma in tuna yara talatin ne a ciki, har da Ummi, kuma babu wani ajin ƙanana a kusa. Ya san ni sarai. Ya san in ciniki ya lalace ba na tsayawa kuka, abin da za a iya tsamowa nake dubawa. Kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kafin in kai gida na fara ganin shawarar tasa da ɗan dama. Washegari ni da ƙafata na kai wa Rifkatu ita, a gonar da muka nome. Tana tsugunne tana rage riɗi inda ya yi yawa. Ta saurare ni har na gama, ta ce za ta ba ni amsa ranar komawa makaranta.

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa. Na iso da Ummi na same ta a cikin ajin ita da Zuwaira, wadda ta sha sabon leshi tana riƙe da hanci saboda warin danshin ɗakin. Rifkatu na bin benci ɗaya bayan ɗaya tana yi mata bayani. Mai zama a nan ba ya ji da kunnen hagu, a ajiye shi ta dama. Wannan ba ta karyawa a gida, in ta fara kuka wajen ƙarfe goma yunwa ce, ba rashin kunya ba. 'Yan biyun gidan mai nama kada a raba su a satin farko. Ɗan Bulus in ya yi shiru ya maƙale a kusurwa, bayan gida yake ji, yana kunyar faɗa. Ta bi yara talatin kaf a kanta. Zuwaira na ta cewa to, to, ba ta rubuta ko ɗaya ba.

Da ta ji muryoyin yara sun fara tahowa, sai ta ɗauki jakarta ta bi ta ƙofar baya don kada su gan ta su biyo ta. Na sha gabanta a lungu. Na ce ta yi haƙuri ta zauna ko zango ɗaya, baɗi ni da kaina zan kai ta kwas da sunanta. Ta ce ta tambaya tun a can, makarantar da ta samu gurbi bana ba ta sake samu sai bayan shekaru, kuma ko da akwai, wasiƙar shaidar wa zai rubuta mata? Ta ce za ta cire amfanin gonarta ta koma wurin yayanta a ƙauye. Na ce Malam ya cuce mu, ni da ita duka, kuma Allah zai saka mana.

Ta gyara jakar a kafaɗa. Muryarta ba ta tashi ba.

"Alhaji, shekara bakwai ina aiki a ƙarƙashin Malam, na san halinsa. Da shi kaɗai ya ce in amsa sunan 'yarsa, da ban taka ko bakin titi ba. Kai ka ce ka tsaya mini."

Na ce ta bari in kai ta gida a mota. Ta ce ta gode, ƙafarta lafiya lau. Ta ce in gaida Hajiya, da yamma kuma za ta turo a kwashe kayan 'ya'yanta da suka rage a gidana. Ta bi lungun tana tsallake kwatami, ni kuma na tsaya da makullin mota a hannu, a bayana ina jin Zuwaira tana buga sanda a kan tebur tana ce wa 'yan shekara uku kowa ya naɗe hannu ya yi shiru.